ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Bahaushe ya san ƙura, ƙura kuma ta san shi. Duk wanda ya dubi harshenmu zai ga yadda kakanninmu suka bi ta daki-daki suka raɗa wa kowace iri suna. Akwai turɓaya wadda ƙafa ke nutsewa a ciki, akwai hazo mai zuwa da hunturu, akwai toka ta murhu, akwai kunkunniya da ke maƙalewa a rufin madafa, akwai kuma wadda guguwa ke ɗauka ta yi sama da ita. Dukansu ido yana ganinsu, shi ya sa baki ya sama musu suna. To, amma akwai wata ƙura da ta shigo ƙasarmu tare da mota, ba ta da suna a Hausa domin ido bai taɓa ganinta ba, alhali kuwa ta fi sauran shiga jiki. A kanta nake so in ɗan yi magana, ko da yake ni ɗalibin Hausa ne, ba na aikin likita ba. Dalilina shi ne, waɗanda suka fi shaƙar ƙurar nan da Hausa suke ciniki, da Hausa suke kokawa, saboda haka da Hausa ya kamata labarinta ya iske su.

A Kudenda na tashi, kudu da kogin Kaduna, maƙwabtan Nasarawa da Tirkaniya. Wanda ya san wurin ya san unguwa ce ta masana'antu da gidajen ma'aikata, kuma babban titin nan na Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, ya ratsa ta gefenmu kafin ya haye gada ya nufi Kabala da Unguwar Mu'azu har Mando da Kawo. An yi titin ne don manyan motoci su kauce wa tsakiyar gari, watau tirelar da ta taso daga Ikko ko Abuja za ta Zariya ko Kano ta wuce abinta ba tare da ta shiga kasuwa ba. Sai dai gari ya bi titi. Yau gidaje da rumfuna da makarantu da masallatai da coci-coci sun jeru a bakinsa, har ya zama abin da aka kai bayan gari ya dawo ƙofar gida. Dattawan unguwa sukan ba mu labarin zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, tun daga masaƙar farko ta 1957, da lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, da yadda jirgin ƙasa ke ɗaukar kaya masu nauyi. Mu dai da muka tashi, tirela da tanka da tifa muka tarar suna wannan aiki.

Ina da kawu mai faci a bakin wannan titi, ya fi shekara 20 a gindin bishiya ɗaya. Kusa da shi akwai wata goggonmu mai tuyar ƙosai safe da yamma, sau da yawa da jikarta goye a baya. In an yi hutu nakan zauna wurin kawu in taya shi busa taya. Yana da wani tsohon maganaɗisu da ya ciro daga lasifika, da shi yake tsince ƙusoshi da kusoshin taya in sun faɗi. Duk sa'ad da ya ja shi a ƙasa, sai ya taso da baƙin gari ya lulluɓe shi kamar gashin buzuzu. Muna yara wasa muke yi da abin. Da na kawo wannan labari a ɗakinmu na makaranta, sai wani abokina mai karatun likita ya ce, "Malam, ai waɗanda maganaɗisu ya nuna maka ƙattin ne, su ƙasa suke faɗawa. Ƙannensu da ba ka gani, suna cikin ƙirjin kawunka." Wannan magana ita ta kai ni ɗakin karatu, abin da na samo kuwa shi ne nake son in raba da mai karatu.

Da farko, daga ina ƙarfen yake fitowa? Yawancinmu in an ce mota tana ɓata iska, salansa muke duba. Gaskiya ne baƙin hayaƙin gas yana ɗauke da gawayi da ɗan abin da ya ƙone na ƙarafan cikin mai da baƙin mai. Amma akwai wata kafa da ba ta hayaƙi. Duk lokacin da direba ya taka birki, takalmin birki yana gogar faifan ƙarfe da ƙarfi da zafi, sai su riƙa cin juna. Ai kowane bakanike ya san takalmin birki yana cinyewa a canja shi, to, ina wanda ya cinye ya tafi? Wani ya zuba a kwalta, wani ya bi iska. A cikinsa akwai baƙin ƙarfe da tagulla da wasu ƙarafa. Haka nan taya, wadda ake haɗa robarta da tutiya, kullum tana sudewa a kan titi. Mota mai nauyi, mai lodin da ya wuce kima, a kan titi mai ramuka da cunkoso inda ake taka birki a saki, a taka a saki, ita ta fi kowace zubar da wannan gari.

Sa'an nan sai batun ƙanƙanta. Kaurin silin gashin kan mutum kimanin kashi 7 cikin 100 na milimita ne. Ƙurar da masana ke kira PM2.5 ta fi silin gashi sirantaka kamar sau 30. Wadda nake magana a kai kuwa ta fi wannan ma ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin sai an jera ƙwayoyinta 10,000 kafin su cika milimita ɗaya, wasu ma sun fi haka ƙanƙanta. Mai karatu zai ce, to, abin da ya ƙanƙance haka wace ɓarna zai yi? Sai mu tuna da kanwa. In ka jefa dunƙulen kanwa a ruwa zai daɗe bai narke ba, in kuwa ka daka shi ya zama gari, nan da nan zai bi ruwan. Nauyin ɗaya ne, amma garin ya fi samun fuskar da zai taɓa ruwa. Haka ƙarfe yake a cikin jiki, iyakar laushinsa iyakar saurin aikinsa.

Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kwana ɗaya, watau kusan sulusin abin da tankar mai ke ɗauka. Jiki kuwa bai zauna haka kawai ba tsaro. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyi. Waɗanda suka wuce, akwai wasu 'yan gasu ƙanana a bututun iska da ke share su zuwa sama, mu yi kaki mu tofar ko mu haɗiye. Amma ɓurɓushin nan mafi laushi yana wuce duk waɗannan shingaye ya sauka can ƙarshen huhu, cikin wasu 'yan jakunkuna da yawansu ya kai miliyoyi ɗari-ɗari, inda iska da jini ke musaya ta wani bango siriri ƙwarai. A nan babu gashi, babu tsintsiya. Masu gadin wurin wasu ƙwayoyin halitta ne daga cikin sojojin jiki, Turawa suna ce musu makrofaj, kalmar da ta fito daga harshen Girka, ma'anarta mai babban ci. Mu kuwa muna da kalmar da ta dace da shi tsaf, watau acici, kuma da sunan nan zan kira shi.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Mechnikof shi ya gano aikin irin waɗannan ƙwayoyi a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, washegari ya duba da madubin likita ya ga wasu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1908. Aikin acici ke nan: yana yawo a cikin huhu, in ya ci karo da ƙwayar cuta sai ya haɗiye ta, ya jefa ta cikin wata 'yar jaka mai tsami a cikinsa, ta narke. In abokan gaba sun yi yawa, sai ya saki wasu sinadarai na kururuwa, sauran mayaƙa su taho daga cikin jini.

To, ga inda gizo ke saƙar. Acici ba ya zaɓen abinci, yadda yake haɗiye ƙwayar cuta haka yake haɗiye gawayi da ɓurɓushin ƙarfe. Ita ƙwayar cuta tana narkewa ta ƙare. Shi kuwa ƙarfe, in tsamin nan ya taɓa shi sai ya riƙa zubar da gubarsa a cikin cikin wanda ya haɗiye shi. Baƙin ƙarfe da tagulla musamman suna haddasa wasu sinadarai masu ƙuna waɗanda ke cin ƙwayar halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Daga nan abu biyu ke faruwa. Na ɗaya, acici ya yi ta kururuwa ba dare ba rana alhali babu maharin da za a kashe, sai huhu ya zauna cikin kumburi. Na biyu, cikinsa ya cika da abin da ba ya narkewa, ƙarfinsa ya ragu, ranar da maharin gaskiya ya zo sai ya tarar da mai gadi ya ƙoshi da tsakuwa.

Wannan ba zato ba ne, an gwada an gani. A 2020 wasu masana na Kwalejin King's da ke Landan suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun ɗauki irin waɗannan ƙwayoyi na ɗan Adam a ɗakin gwaji, suka zuba wa wasu ƙurar birki, wasu kuma ƙurar hayaƙin gas, sa'an nan suka kawo musu ƙwayoyin cuta. Duka ɓangarorin biyu sun kasa cin ƙwayoyin cutar yadda suka saba, duka kuma sun ƙara sakin sinadaran kumburi. Da aka sa wani magani mai ɗaure ƙarfe ya hana shi aiki, sai ƙwayoyin suka ci gaba da farautarsu. Watau dai ƙarfen ne mai laifi, kuma ƙurar birki, wadda ba ta da baƙin hayaƙi balle a tsargu da ita, ba ta fi ta salansa sauƙi ba.

Tun kafin wannan, a 2006, likitoci a garin Lesta na Ingila sun duba kakin yara masu lafiya, suka ga baƙin gawayi a cikin acicin huhunsu, suka kuma lura cewa yaron da nasa ya fi baƙi, huhunsa ya fi rauni wajen fitar da iska. A 2022 masana na Jami'ar Kolumbiya a Amurka suka duba kaluluwar da ke kewaye da huhu a jikin mutanen da suka rasu suka bar gaɓoɓinsu don taimako. Ta yara fes take, ta manya kuwa tana ƙara baƙi da ƙaruwar shekaru, alhali kaluluwar hanji ba ta yi haka ba. Ƙurar tana cikin acici, kuma waɗanda ke ɗauke da ita aikinsu ya ja baya. Ashe wani kaso na raunin da muke ɗora wa tsufa, ajiyar shekaru ce ta abin da aka shaƙa.

Har ila yau, mafi ƙanƙantar ɓurɓushin yakan kuɓuce wa acici ɗungum ya ratsa bango ya faɗa jini. A 2017 masana a Edinbara suka sa wasu masu sa kai suka shaƙi garin zinariya mai irin wannan laushi, domin zinariya ba ta cutarwa kuma tana da sauƙin bibiya. Cikin kwana ɗaya aka same ta a jininsu da fitsarinsu, bayan wata 3 kuma tana nan. A 2016 kuwa Farfesa Barbara Maher ta Jami'ar Lankasta da abokan aikinta suka sami ƙwayoyin ƙarfe masu bin maganaɗisu a cikin ƙwaƙwalwar mutane 37 da suka zauna a birnin Meziko da Mancesta. Siffarsu mulmulalliya ce, irin wadda zafin wuta ke bayarwa, kamar na inji ko birki. Da na karanta wannan sai na tuna baƙin garin da ke bin maganaɗisun kawu, jikina ya yi sanyi.

Me ya sa abin ya shafe mu fiye da Turawan da suka yi binciken? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ƙadangarunmu suna da yawa. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, cikin acicin huhu take fara sauka, a nan ake yin karon farko tsakaninta da jiki, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya. Ciwon nimoniya yana cikin manyan masu kashe ƙananan yaranmu. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ginuwa ba, hancinsa kuma ya fi kusa da bakin salansa. Sai a dubi 'yan talla da ke bin motoci a cunkoso, da almajirai, da jaririn da ke bayan mai ƙosai tun asuba.

Ga kuma yanayin garinmu. A jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, Kaduna ce ta zo ta 5 a biranen duniya wajen yawan ƙurar da ake kira PM10, Anaca kuma ta zo ta 1. Da hunturu, iska tana kwaso hazo tun daga ƙasar Chadi, sa'an nan sanyin asuba yana danne hayaƙi a ƙasa ya hana shi tashi, shi ya sa mai tafiya a baifas da sassafe yakan ga wani shuɗin mayafi kwance a kan kwarin kogi. Motocinmu yawancinsu sun gama ƙuruciyarsu a ƙasashen waje kafin su zo mana. Wasu kuma an cire musu matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Man ma da aka daɗe ana sayar mana, wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa a 2016 cewa ana kawo wa Afirka ta Yamma gas mai farar wuta ninkin-ba-ninkin abin da doka ta yarda a Turai. Tun 2012 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu.

Da na koma gida na ɗan gutsura wa kawu labarin. Ya saurara har na gama, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Ɗana, na ji karatunka. To, in na bar bakin titi, tayar wa zan yi wa faci? Ta jirgin sama?" Muka yi dariya, amma maganarsa dutse ce. Talaka ba don sha'awa yake zaune a bakin kwalta ba, abincinsa ne a wurin. Wanda ya ce masa ya tashi bai ba shi magani ba, ya dai canja masa cuta da yunwa. Saboda haka nauyin gyara ba a wuyan mai faci da mai ƙosai yake ba.

Kada kuma a ce abin ya fi ƙarfin gyara, domin an taɓa yi. Shekara da shekaru ana zuba dalma a cikin fetur, kowace mota tana fesa ta a titi, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Aka yi ta gwagwarmaya har ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma ta rabu da irin wannan fetur a 2021. Mu a Arewa ba ma bukatar a gaya mana abin da ƙurar ƙarfe ke yi, mun ga yadda garin dutsen zinariya mai dalma ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Game da birki ma an fara motsi. Jihohin Kalifoniya da Washinton na Amurka sun yi doka a 2010 ta rage tagulla a takalmin birki, Tarayyar Turai kuma a 2024 ta amince da dokar da ta sa wa ƙurar birki iyaka a karo na farko.

A ganina abin da ya kamace mu a fili yake. Kaya masu nauyi su koma kan dogo, domin jirgi ɗaya yana ɗauke lodin tireloli da yawa. A hana lodin da ya wuce kima, a riƙa like ramuka da wuri, a duba hayaƙin mota da gaske kafin a ba ta takarda. A kafa na'urorin auna iska a manyan tituna, a riƙa faɗin sakamako a rediyo da Hausa kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. Bincike ya nuna wannan ƙura mai laushi tana raguwa ƙwarai in an yi nisan mita 200 zuwa 300 daga babban titi, saboda haka bai kamata a sake ba da izinin gina makaranta ko asibiti a leɓen kwalta ba. Kafin hukuma ta motsa kuwa, akwai na hannunmu. Direba ya kashe inji in ya tsaya jiran lodi. Mai sana'a ya ɗan ja baya daga bakin titi ko da taku kaɗan ne, ya rufe abincin sayarwa. Uwa ta bar jariri a cikin gida wurin wani in da hali, musamman safe da magariba. Takunkumin tsumma ba ya tare wannan ƙura sosai, irin na ma'aikatan asibiti mai kama fuska shi ya fi. Wanda tari ya wuce masa mako 2 kuma ya je a gwada kakinsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Saura namu, mu 'yan wannan ƙungiya. Mun iya zaƙulo tarihin kalma, mun iya feɗe karin magana, wannan duk aiki ne mai kyau. Amma ina roƙon malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai mu riƙa tsallaka titi zuwa sashen likitanci da na kimiyya, mu zauna da su, su ba mu ilmi mu ba su kalma. Ni na kawo acici da ɓurɓushin ƙarfe, mai wadda ta fi su ya kawo, a tace a zaɓa, sa'an nan a kai su gidajen rediyo da azuzuwan firamare da tashoshin mota. Abin da ba shi da suna ba a kai ƙararsa, ba a kuma tambayar ɗan takara me zai yi a kansa. Ranar da mai faci zai iya tsayawa gaban kansila ya faɗi da bakinsa abin da ke shiga ƙirjinsa da inda yake fitowa, ranar za a fara jin tsoron barinsa a haka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.